Me ya sa kwamfutocin ofis ɗaya ke ƙin musayar fayil, kuma wane gyara ne ke jawo ɓarna?

Tun bayan da Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta tsayar da ranar 31 ga Disamba 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su rabu da aikin takarda, zirga-zirgar da masinja ke yi tsakanin rajista da ofishin darakta ta fara komawa cikin kwamfuta. Takardar da a da ake ɗaure ta da igiya a kai wa Babban Sakatare, yanzu fayil ce da ke zaune a wata folda da mutum goma ko ashirin ke buɗewa daga teburansu.

Sai dai kwamfutocin da ke wannan aiki ba iri ɗaya ba ne. A sashe guda za a tarar da tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 10 ko ma Windows 7, da sabuwar laftof mai Windows 11, da MacBook ɗin hadimin minista, da wata na'urar ajiya mai aiki da Linux da ɗan kwangila ya kafa shekarun baya. A kusurwa kuma ga babbar na'urar fotokofi mai ɗaukar hoton takardu ta tura su cikin folda. Dukansu ana so su haɗu a kan fayil guda.

Ranar da abin ya ƙi, musamman idan ana jiran takardar da za a shiga taro da ita, mafita uku aka saba bi. Wani ya zaro filas daga aljihu, wani ya tura takardar ta WhatsApp, wani kuma ya kira mai gyara ya kashe duk wani tsaro da ke kan kwamfutar har sai folda ta buɗe. Dukansu suna biyan buƙatar wannan rana, kuma dukansu suna fitar da takardun gwamnati daga inda ya kamata su tsaya. Sau da yawa kwamfutar da ta ƙi buɗe folda lafiyarta ƙalau, tsaron da aka gina mata ne ke aiki. Abin da ake buƙata shi ne a gano inda matsalar take, a gyara ɓangaren da ya tsufa.

Harshen da kwamfutoci ke magana da shi

Kusan duk musayar fayil a cikin ofis tana gudana ne da wata ƙa'idar sadarwa mai suna SMB. Wani injiniyan kamfanin IBM, Barry Feigenbaum, shi ya ƙirƙiro ta a 1983, daga baya Microsoft ya ɗauke ta ya mayar da ita ginshiƙin musayar fayil a Windows. A 1992 wani ɗalibi a ƙasar Ostireliya, Andrew Tridgell, ya fitar da manhajar da aka sani yau da Samba, wadda ta ba kwamfutocin Linux da danginsu damar jin wannan harshe. Kamfanin Apple yana da tasa ƙa'idar mai suna AFP, amma daga 2013 ya mayar da SMB zaɓin farko a kwamfutocin Mac.

Ke nan duka ukun harshe ɗaya suke yi, sai dai harshen yana da kare-kare, kamar yadda Basakkwace da Bakano ke Hausa ɗaya amma kowa da lafazinsa. Akwai SMB1, tsohon yayi. Akwai SMB2, wanda ya zo da Windows Vista, ya rage umarnin da ake musaya daga sama da ɗari zuwa 19. Sai SMB3, wanda ya zo da Windows 8 a 2012, ya kawo damar kulle bayanai yayin da suke tafiya a kan layi, ta yadda mai leƙe ba zai iya karanta su ba. A duk lokacin da kwamfutoci biyu suka haɗu, sukan fara da tantance karin da dukansu suka iya, su ɗauki mafi sabunta. Idan ɗaya ba ta iya komai ba sai SMB1, ɗayar kuma an cire mata shi, magana ta ƙare tun ba a fara ba.

Abin da ya faru a 2017

Akwai dalilin da ya sa aka cire SMB1. A ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya. Irin manhajar nan ce mai garkuwa da bayanai: ta kulle fayilolin mutum, ta nemi kuɗin fansa na Dala 300 da kuɗin intanet na Bitcoin. Ta shiga kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, kuma kafar da ta bi wani rauni ne da ke cikin SMB1. Ba ta buƙatar kowa ya danna komai. Da ta shiga kwamfuta ɗaya, sai ta bi layin ofis ta kama sauran.

Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan rauni tun 14 ga Maris na shekarar, wata biyu kafin harin, amma hukumomi da yawa ba su saka shi ba. A Ingila, hukumar lafiya ta ƙasa ta soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, kuma ma'aikatar lafiyar ƙasar ta ƙiyasta asarar a kan Fam miliyan 92. Bayan makonni shida wata manhajar mai suna NotPetya, wadda ita ma wannan kafa na cikin hanyoyin da ta bi, ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, uwar kamfanin da ke gudanar da tashar kwantena ta Apapa a Legas. Sai da kamfanin ya sake girka kwamfutoci 45,000 da manyan kwamfutocin ajiya 4,000, ya kuma yi asarar da ta kai Dala miliyan 250 zuwa 300.

Daga nan aka fara rufe ƙofofi. Tun daga sabuntawar Windows 10 ta Oktoba 2017, Microsoft ya fara janye SMB1, a wasu nau'o'in ma idan aka yi kwana 15 ba a yi amfani da shi ba, Windows kan cire shi da kanta. Samba ta bi sahu a 2019 da fitowar nau'inta na 4.11. A Oktoba 2024, sabuntawar Windows 11 mai lamba 24H2 ta ƙara ɗaure igiya: a nau'o'in da ofisoshi ke amfani da su, dole kowane saƙon SMB ya zo da sa hannu na tantancewa, kuma an daina yarda a shiga folda a matsayin baƙo marar kalmar sirri. Shi ya sa foldar da ta shekara biyar tana buɗewa lami lafiya za ta iya ƙi da safe ɗaya, alhali ba wanda ya taɓa komai.

Matakin farko: akwai hanya kuwa?

Masu gyara da suka san aikinsu sukan bi matsalar daki-daki daga ƙasa zuwa sama, domin kowane mataki a kan na baya yake zaune. Na farko shi ne a tabbatar kwamfutocin biyu suna kan layi ɗaya. Kowace na'ura tana da lambar adireshi, kamar 192.168.1.20. A Windows umarnin ipconfig ke nuna ta, a Mac da Linux kuma ana ganinta a saitin sadarwa. Idan ta wannan ta fara da 192.168.1, ta waccan kuma da 192.168.0, mai yiwuwa suna kan na'urorin rarraba intanet daban-daban. Hakan na yawan faruwa idan wani ya jona laftof ɗinsa da intanet ɗin wayarsa ko MiFi saboda na ofis ya yi nauyi. Intanet yana samuwa, amma ya fita daga layin ofis bai sani ba. Haka nan Wi-Fi da aka ware wa baƙi, galibi an saita shi ne don kada na'urorin da ke kansa su ga juna.

Ɗauke wuta ma yana da hannu. Idan wuta ta tafi aka koma janareta, na'urar rarraba intanet kan mutu ta tashi, ta sake raba adireshi, sai kwamfutar da ke riƙe da folda ta samu sabuwar lamba. Duk wanda ya ajiye tsohuwar lambar zai yi ta ƙwanƙwasa gidan da babu kowa. Maganin wannan shi ne a ba kwamfutar ajiya da na'urar fotokofi adireshi na dindindin. Idan kuma aka ga lambar da ta fara da 169.254, alama ce cewa kwamfutar ba ta samu adireshi ba sam, sai a duba waya ko na'urar rarrabawar.

Mataki na biyu: rashin gani ba rashin zuwa ba ne

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne kwamfutar ajiya ta ɓace daga jerin da ake gani. Tsohon tsarin da ke tara wannan jeri a Windows a kan SMB1 ya dogara, don haka ya tafi tare da shi. Yanzu Windows tana neman maƙwabtanta da wata hanya mai suna WS-Discovery, Mac kuma da Bonjour, kuma hanyoyin biyu ba sa jin kiran juna. Na'urar Linux sai an saka mata ƙananan manhajoji irin su Avahi da wsdd kafin ta bayyana a ɓangarorin biyu.

Folda tana iya kasancewa a buɗe ko da ba a ganta a jeri ba. A Windows sai a rubuta adireshin kai tsaye a saman tagar fayiloli, kamar \\192.168.1.20\Takardu. A Mac sai a buɗe Finder, a danna Command da K, a rubuta smb://192.168.1.20. Idan ta buɗe da lamba amma ta ƙi da suna, matsalar ta fassara suna ce kawai, kuma aikin minti kaɗan ne ga jami'in sashen fasahar sadarwa.

Akwai kuma tambayar da Windows ke yi a ranar farko da aka jona ta da wani layi: na jama'a ne ko na gida da ofis? Idan aka zaɓi na jama'a, katangar tsaro kan rufe ƙofa mai lamba 445, wadda SMB ke bi. Lambar kuskure 0x80070035, mai cewa ba a samu hanya ba, sau da yawa daga irin waɗannan take fitowa. Gyaran shi ne a sauya zaɓin a kan layin ofis kaɗai. Rushe katangar gaba ɗaya gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Mataki na uku: wane kari ake yi?

Idan Windows ta fito ƙarara ta ce foldar tana buƙatar tsohon SMB1 kuma ba ta da tsaro, an gano mai laifi. Yawanci tsohuwar na'urar ajiya ce, ko kwamfuta mai Windows XP da aka manta da ita a rajista, ko na'urar fotokofi. A nan ne ake yawan tafka ɓarna, domin kunna SMB1 a sabuwar kwamfuta danna biyu ne, kuma nan take folda za ta buɗe.

Hanyar da ta dace ita ce a ɗaga tsohuwar na'urar. Yawancin na'urorin ajiya suna da wurin da ake zaɓar karin SMB, kuma kamfanonin fotokofi da dama sun fitar da sabuntawar da ke ƙara SMB2 ko SMB3. A Samba layi ɗaya ne a fayil ɗin smb.conf. Na'urar da ba za ta ɗagu ba, a sa ta tura takardu ta imel ɗin hukuma, ko a ware ta a wani layi na daban har a samu kuɗin sauya ta. Jami'in fasaha zai iya tabbatar da karin da ake amfani da shi da umarnin Get-SmbConnection a Windows, ko smbutil statshares -a a Mac.

Mataki na huɗu: wane ne kai?

Akwatin da ke ta neman kalmar sirri yana ƙin karɓa ya fi komai ɓata wa ma'aikaci rai. Abin da ake mantawa shi ne, kwamfutar da ke riƙe da folda ita ke tambaya, kuma sunan da ta sani take nema. Lambobin PIN da ake buɗe laftof da su ba sa aiki a nan. A Linux, Samba tana da nata kundin kalmomin sirri daban da na shiga kwamfutar, wanda ake cikawa da umarnin smbpasswd. A Mac kuma, idan ita ce ke raba folda, wani lokaci sai an kunna wa asusun mutum izinin musaya da Windows a cikin saitin raba fayil.

Wata matsalar ita ce tsohuwar kalmar sirri da kwamfuta ta haddace. An canza ta a watan jiya, amma Credential Manager na Windows ko Keychain na Mac na ci gaba da miƙa tsohuwar a ɓoye, har a kulle asusun. Sai an goge ta daga can. Windows kuma ba ta yarda mutum ya shiga kwamfutar ajiya guda da sunaye biyu a lokaci ɗaya, abin da ke faruwa idan sakatare da maigidansa suna amfani da tebur ɗaya.

Agogo ma na hana shiga. A ma'aikatun da ke da tsarin shiga na bai-ɗaya, ƙa'idar tantancewa ta Kerberos ba ta lamuntar bambancin da ya wuce minti biyar tsakanin agogon kwamfuta da na babbar kwamfutar hukuma. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan tashi da kwanan watan shekarun baya duk lokacin da aka ɗauke wuta. Batirin da bai fi girman kwabo ba yana iya hana darakta ganin fayilolinsa.

Mataki na biyar: izini da sunaye

Wani lokaci folda na buɗewa amma ba a iya ajiye komai a ciki. A Windows izini hawa biyu ne, na rabawa da na ainihin faifan ajiya, kuma wanda ya fi tsauri shi ke rinjaye. A Linux ma sai izinin Samba da na foldar kanta sun dace. Akwai kuma iyakar da ba kowa ya sani ba: Windows ta tebur ba ta karɓar haɗi sama da 20 a lokaci ɗaya. Sashen da ya mayar da kwamfutar sakatare rumbun mutum talatin zai riƙa ganin wasu na shiga wasu na kasawa, ba tare da wani tsari ba.

Sunan fayil shi ma tarko ne. Mac takan bari a rubuta kwanan wata da karan tsaye mai karkata, kamar 14/03/2025, amma Windows ta haramta wannan alama a suna, tare da alamar tambaya, tauraro da ɗigo biyu. Linux tana ɗaukar Kasafi.xlsx da kasafi.xlsx a matsayin fayil biyu, Windows da Mac kuwa a saitinsu na asali ɗaya suke gani. Manhajojin Windows da yawa kan gaza idan suna da jerin foldojin da ke sama da shi suka zarce haruffa 260, abin da ke saurin faruwa a ofishin da ake rubuta cikakken taken takarda a matsayin sunan fayil. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna wucewa lafiya a sababbin na'urori, amma tsofaffin kan mayar da su alamar tambaya. Gajeren suna da kwanan wata irin 2025-03-14 yana kawar da mafi yawan wannan, ya kuma jera fayiloli bi da bi.

Ƙananan fayiloli masu suna .DS_Store ko masu farawa da ɗigo da ƙaramin layi, Mac ce ke barin su, ba ƙwayar cuta ba ce. Idan kuma dole ta sa a yi amfani da filas na hukuma, a sani cewa Mac tana karanta faifan NTFS amma ba ta rubutu a kansa, FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabayit 4. Tsarin exFAT ne duka ukun ke karantawa su rubuta.

Inda doka ta shigo

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kunna SMB1, da buɗe folda ga baƙo, da ba kowa cikakken izini, da kashe katangar tsaro, kowannensu tsaga ce. Manhajar garkuwa da bayanai tana kulle duk fayil ɗin da mai kwamfutar da ta kama ke da izinin rubutu a kansa. Idan kowa na da izini a kan komai, kuskuren ɗan bautar ƙasa guda ya isa ya kulle takardun sashe baki ɗaya.

Foldojin nan kuwa suna ɗauke da lambobin IPPIS, da asusun banki, da lambobin NIN, da takardun asibiti da na ladabtarwa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yuni 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane, har da hukumomin gwamnati, nauyin kare su. Idan aka samu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, dole a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ma tana nan daram, kuma takardar sirri da aka tura ta wayar hannu ta riga ta fita daga hannun hukuma, ko da niyyar mai turawar ita ce kada maigida ya makara.

Lamarin ya ƙara nauyi ganin cewa Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10 kyauta, bayan Windows 7 da aka sallama tun Janairu 2020 da XP tun Afrilu 2014. Kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Saboda haka ofisoshi za su daɗe da gaurayen tsoho da sabo, kuma duk sabuwar laftof da aka raba za ta zo da tsaron da tsofaffin na'urori ba su iya amsawa.

Abin da ya rage ga ma'aikaci da shugabansa

Ma'aikacin da folda ta ƙi masa zai rage wa kowa wahala idan ya kai ƙorafi da bayani huɗu: hoton saƙon kuskuren kamar yadda ya fito, irin kwamfutarsa, ranar ƙarshe da abin ya yi aiki, da ko maƙwabcin teburinsa na iya shiga. Idan kowa ya kasa, matsalar tana wajen kwamfutar ajiya ko layi. Idan shi kaɗai ne, tana kan teburinsa. Hadiman da ke zuwa da kwamfutar kansu kuma ya kamata su miƙa ta ga sashen fasaha a buɗe musu asusu da sunansu, su daina aron na sakatare.

Daraktoci kuwa nasu aikin na kasafi ne da umarni. Ana buƙatar jerin duk na'urorin da ba su iya komai ba sai SMB1, a saka sauya su a kasafin shekara. Ana buƙatar kwafin ajiya da ba a jone yake da layin ofis ba, wanda aka taɓa gwada dawo da shi aka ga yana aiki. Takardun hukuma kuma su koma tsarin ajiya na hukuma, irin wanda kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone ke samar wa ma'aikatu, inda ake sanin wanda ya buɗe takarda da lokacin da ya buɗe ta. Duk mai gyaran da aka kira daga waje, a sa shi ya rubuta saitin da ya canza, jami'in fasaha na ma'aikatar ya duba ya sa hannu kafin a biya shi.